Dawo-Gobe da Tankin Banɗakin Hajiya

"Ni? Hajiya, ni ake tambaya ko na iya gyara? Wannan hannun da kike gani, babu abin da ɗan Adam ya ƙera da zai gagare shi. Keken ɗinkina sau tara ina kwance shi har ƙashinsa in mayar. Agogo, fanka, rediyo, makullin ƙofa, duk abu ɗaya ne a wurina. Da iyayena sun bar ni na yi nisa a karatu, wallahi da yanzu jirgin sama nake kwancewa."

Mai wannan cika baki tela ne, kuma kafin mu yi nisa bari in gabatar maka da shi. Sunansa na gaskiya ya ɓace tun da daɗewa. Kowa a layinsu Dawo-Gobe yake ce masa, domin ita ce kalmar da ta fi saurin fita daga bakinsa. Ka kai masa wando yau, ka koma bayan mako uku, zai dube ka da fara'a ya ce saura maɓalli kawai, ka dawo gobe. Gajere ne mai ɗan tumbi, tef ɗin awo ba ya barin wuyansa, kullum da allurai biyu ko uku a soke a kafaɗar rigarsa. Kada in zalunce shi, ɗinki dai ya iya idan ya ga dama. Matsalarsa guda ce. Ya yarda har cikin ransa cewa duniya gaba ɗayanta riga ce: duk abin da ya lalace a cikinta, ko dai ya yi tsawo a rage, ko ya yi gajarta a ƙara, ko ya yage a ɗinke.

Shekara goma sha huɗu yana ɗinki a kusurwar falonsa, cikin ɗakuna biyun da suke haya a ƙasan benen Hajiya. Matarsa, Maman 'Yan Biyu, ta share zare har ta gaji. Ta tsinci zare a miya, ta tsinci allura a matashin kai, ta sha zama cin abinci da yara wani ƙato yana gwada wando a bayan labule. To sai ga shi makon jiya mai gyaran waya ya tashi daga shagon da ke gaban gidan, mai ƙofar gilashi, mai kallon titi. Tun daga ranar nan Dawo-Gobe bai sake samun sukuni ba. Kowace safiya sai ya je ya manna hancinsa a gilashin yana shirya wurin a zuciyarsa, nan keke, nan teburin yanka, can madubi. Yana son shagon nan kamar ransa, kuma ya san akwai wani mai aski da wani mai sayar da takalma da su ma suke zarya a kansa.

Hajiya kuwa tsohuwa ce mai zaman kanta a saman bene, 'ya'yanta duk sun yi nisa, makullan gidan gaba ɗaya suna cikin jakarta a ɗaure wuri guda. Da safiyar nan ta tsaya a gindin matakala ta ce ita ba mai daɗin baki take nema ba, mutum take so mai hannu, wanda in ƙwan fitila ya mutu ko ƙofa ta ƙi rufuwa ba sai ta buga waya gari guda ba. Wannan ne ya jawo jawabin jirgin saman da ka ji. Ta saurare shi har ya kai aya, sannan ta gyara zaman tabaronta.

"To madalla," ta ce. "Masai ne a banɗakina, kwana biyar ke nan ruwa yana tsiyaya a cikinsa, shuuu, ba ya tsayawa. Zan je asibiti a duba mini ido, ƙarfe huɗu zan dawo. In na tarar ya yi shiru, makullin shago naka ne."

"Hajiya, ki ɗauka an gama. Shiru zai yi har sai kin yi kewar ƙararsa."

Ta zaro makullin ɗakinta. Ya miƙa hannu, ta tsallake hannun ta ba Maman 'Yan Biyu, ta fice.

Motar da ta ɗauke ta ba ta gama shan kwana ba matarsa ta matso kusa da shi.

"Baban 'Yan Biyu, ka bari in kira Autanmu mana. Aikinsa ne. Minti goma ya gama ya tafi, Hajiya ba sai ta sani ba."

Autan nan ƙanenta ne, mai gyaran famfo, mutum mai shekara arba'in da gemunsa, wanda ba shi da shago sai babur da akwatin ƙarfe a bayansa. Dawo-Gobe ya yi mata wani kallo daga sama har ƙasa.

"Auta? Wannan mai yawo da sifana lungu-lungu? Ni fa na ɗinka masa wandonsa na farko na makaranta, majina tana zuba a hancinsa. Yau shi zai koya mini aiki? Tsaya ki gani."

Ya shiga ɗaki ya haɗo kayan aiki, babban almakashi, alli, zare mai ƙwari, robar ƙugun wando, kwalin allurai masu kai, gwangwanin maɓallai, soson kafaɗar kwat, da jakar ragowar ƙyallaye. Sifana kam ko ɗaya babu, domin a ganinsa sifana ta waɗanda ba su da basira ce. Suka hau bene, shi a gaba yana huci, ita a baya da makulli.

Banɗakin Hajiya tsaf yake, farin tayil, ga tawul a ninke, ga ƙamshin sabulu. Masai ɗin yana ta waƙarsa, shuuu. Dawo-Gobe ya ɗaga murfin tankin da ke bayansa ya leƙa, sai ya yi ɗan jim, domin wannan ne karo na farko a rayuwarsa da ya ga cikin tankin masai.

Ni da kai mun san abin ba wani sirri ba ne. Akwai ƙwallon roba a ƙarshen wata 'yar sanda, yana iyo a kan ruwa. In ruwa ya cika, ƙwallon ya taso, sai ya rufe hanyar shigowar ruwa. A ƙasa akwai marfin roba da ke toshe rami, an ɗaure shi da 'yar sarƙa zuwa hannun da ake dannawa. Sai wani bututu a tsaye, bakinsa a buɗe, wanda aka yi musamman domin in ruwa ya yi yawa ya bi ta nan ya sauka cikin masai maimakon ya malala a ƙasa. Shi ke nan fa. Amma gogan naka bai tambayi kowa ba. Ya zare tef daga wuyansa ya hau awo, yana rubutawa da alli a jikin tayil ɗin Hajiya.

"Faɗi, goma sha takwas. Tsawo, goma sha huɗu. Ƙugu..."

"Tanki yana da ƙugu?" in ji matarsa daga bakin ƙofa.

"Komai yana da ƙugu. Ki yi shiru ina lissafi."

Ya tsoma hannu ya kamo sarƙar nan, ya ga tana lilo. Nan take fuskarsa ta washe.

"Ga ciwon! Sarƙar ta yi mata yawa. Wanda ya haɗa abin nan bai auna ba, kintace ya yi."

Ƙas! Almakashi ya datse kusan rabinta. Ya maƙala ragowar a wurinta. Sarƙar ta miƙe tsam ta ɗage marfin ƙasa, ramin ya buɗe gaba ɗaya. Masai da yake raɗa a da, yanzu ya koma ruri, wuuu, har kyanwar Hajiya ta leƙo daga falo ta ga abin da ake ciki.

"Ya ƙaru fa," in ji Maman 'Yan Biyu.

"Na gani, ba makaho ba ne ni. Awona daidai ne, jikin tankin ne bai daidaita ba."

Haka yake gaya wa duk wanda rigarsa ta matse shi, don haka maganar ba ta yi masa nauyi a baki ba. Tunda abu ya yi gajarta, sai a ƙara. Ya yanko robar ƙugun wando ya ƙulla a tsakanin sarƙar da hannun. Marfin ya koma ya zauna, rurin ya ragu. Ya danna hannun don gwaji, robar ta miƙe kawai, marfi ko motsi. Ya ƙara dannawa da ƙarfi, ya saki, hannun ya dawo da gudu ya make masa yatsa. Ya tsotse yatsan ya ce da ma haka ake so, yanzu abin ya sami laushi irin na zamani.

Amma tsiyayar farko tana nan. Ya tsuguna ya yi nazari, ya ce marfin ba shi da nauyi ne, kamar labulen da ba a sa wa ƙasansa komai ba. Ya buɗe gwangwani ya zaɓo manyan maɓallan ƙarfe guda shida, ya shirya su a zare, ya ɗaura wa marfin kamar abin wuya. Ka san wani abin mamaki? Abin ya yi aiki. Nauyin ya danne marfin, ruwa ya daina zurarewa, tanki ya fara cika, ƙwallo ya fara tasowa, ƙarar tana raguwa a hankali. Maman 'Yan Biyu har ta buɗe baki za ta yi hamdala. Da a nan ya mayar da murfi ya sauka, ina tsammanin da yau wani labarin nake ba ka.

Ina! Dawo-Gobe ba ya barin aiki ba gyaran fuska. Ya lura ƙwallon yana 'yar rawa a kan ruwa, yana karkata hagu da dama.

"Dubi yadda yake rangaji kamar kwalar da ba ta sha guga ba. Ba zan miƙa wa Hajiya aiki a karkace ba."

"Don Allah ka bar shi haka, ai ya kusa yin shiru."

"Ke dai riƙe mini wannan."

Ya yanko siririn ƙyalle, ya ɗaura gefe ɗaya a jikin sandar, ya naɗo ɗayan a kan ƙwallon. Ƙyallen ya zame. Ya sake naɗawa, ya sake zamewa. Kuma a nan ne hannu ya yi abin da ya saba shekara talatin ba tare da ya nemi shawarar kai ba. Ya kai yatsu kafaɗarsa, ya zaro allura mai kai, ya soke ƙyallen a jikin ƙwallon, tsaf. Don tabbatarwa ya ƙara guda biyu.

Wasu 'yan ƙananan kumfa suka fara fitowa daga gefen ƙwallon.

"Mene ne wancan yake tsattsafowa?" matarsa ta tambaya.

"Iska ce mara amfani take fita. Yanzu zai zauna daram."

Ya zauna kuwa, domin ruwa ya fara shiga cikinsa, ya yi nauyi, ya ɗan nutse. Tunda bai taso ba, hanyar shigowar ruwa ba ta gama rufuwa ba. Ruwa ya ci gaba da hawa har ya kai bakin bututun nan na tsaye, ya fara gangarawa ciki. Shuuu ta dawo. Dawo-Gobe ya bi sautin da ido, ya ga buɗaɗɗen bakin bututu, sai ya buga cinya.

"Ga ɓarawon! Tun ɗazu nake nemansa. Wane ragon ne ya bar wannan a buɗe, ko kalmasa bai yi masa ba? Aljihu ne fa a ɓule, dole ruwa ya zube."

Ya zura hannu a jakar ragowa ya jawo wani ƙyalle mai kyau, shuɗi mai zanen ganye, ya murɗe shi ya cusa a bututun, ya danna da gindin almakashi, ya ɗaure bakin da zare ninki huɗu. Shuuu ta mutu. Saura wani ɗan siririn sauti, sss, daga inda ruwa ke shigowa. Ya taɓa nan, ya murɗa can, ya kwance wani noti da wata 'yar washa don ya ga abin da ke ƙarƙashinsu, bai ga komai ba. Daga ƙarshe ya naɗe wurin da soson kafaɗar kwat guda biyu ya ɗaure. Ya mayar da murfin tanki. Banɗaki ya yi tsit.

Ya miƙe ya riƙe ƙugu, baki har kunne.

"Kin ji wani abu?"

"Ban ji ba," ta amsa da gaskiyarta. Sai ta nuna bakin taga, inda noti da washa da guntun sarƙa suke a ajiye. "Waɗannan fa? Ba daga ciki ka ciro su ba?"

"Ragowa ce. Telan da ya san aikinsa ba ya gama aiki bai rage komai ba. Masu ƙera abin ne suka yi almubazzaranci."

Ya kwashe su ya zuba a aljihu. Ƙarfe ɗaya saura kwata. Ya dubi tankin ya ga ya yi masa tsirara da yawa, sai wata dabara ta faɗo masa. Zai ɗinka wa murfin riga mai tattara da leshi a baki, kyauta, Hajiya ta dawo ta ga shiru ta ga ado, mai aski da mai takalma su mutu da baƙin ciki. Suka kulle ɗakin suka sauka.

Wallahi ban taɓa jin Dawo-Gobe ya zauna ya gama aiki rana ɗaya ba sai ran nan. Keke yana ta gudu, shi yana ta 'yan waƙe-waƙensa, yana tsara allon da zai kafa a saman shago. Da farko "Tela" kawai ya yi niyyar rubutawa, yanzu ya ga kalmar ta yi masa kaɗan. "Injiniyan Ɗinki da Gyare-gyaren Gida" ta fi dacewa. Har ya fara tunanin in aiki ya yi masa yawa zai riƙa ba Auta 'yan ƙananan, saboda zumunci. A can sama kuwa ƙwallo yana ta shan ruwa ta ƙofofi uku, yana ƙara nutsewa, hanyar ruwa tana ƙara buɗewa, mafita kuma an toshe ta da shuɗin ƙyalle.

Wajen ƙarfe biyu da rabi Maman 'Yan Biyu ta fita zubar da shara. Ta dawo ta tsaya a ƙofar falo, kwandon yana hannunta.

"Baban 'Yan Biyu."

"Ina kan leshi, kada ki ɓata mini layi."

"Silifas ɗin da Hajiya take ajiyewa a bakin ƙofarta ne suke saukowa matakala."

"Ta dawo ke nan? Tun yanzu?"

"Su kaɗai suke saukowa."

Ya leƙa. Ga silifas ɗaya a mataki na uku, ɗaya a na biyar, suna tafe a hankali, ruwa yana turo su. Dawo-Gobe ya sha jinin jikinsa. Ya fizgi makulli da almakashi ya hau benen da gudun da rabonsa da shi tun yana saurayi, ya zame sau biyu, ya buɗe ƙofa. Kafet ɗin falon Hajiya ya ce caɓal a ƙarƙashin ƙafarsa. Kyanwa tana can saman kabad tana harararsa. A banɗaki ruwa ya kai idon sawu, yana kwararowa ta kowane gefe na murfin tanki, awon da ya rubuta da alli duk ya wanke.

"Rufe famfon ƙasa!" matarsa ta yi ihu daga bayansa. "Akwai ɗan famfo a ƙarƙashin tankin, na ga Auta yana murɗa irinsa!"

"Na sani! Shi nake nema!"

Bai sani ba, amma ya gan shi. Ya durƙusa cikin ruwa ya kama kan famfon ya murɗa. Tsatsa ta riƙe shi gam. Ya murɗa hagu, ya murɗa dama, ko gezau. Sai ya buɗe hannun babban almakashi ya maƙale kan famfon a tsakani, ya tattara ƙarfinsa na shekara hamsin, ya danna. Ɓas! Kan famfon ya ɓalle ya yi tsalle ya faɗa cikin masai. Ruwa ya feso kai tsaye daga bututun bango, ya dake shi a hanci, ya wuce ya doki silin.

Ya kwanta a gefensa a ƙasa ya toshe ramin da babban yatsa. Ruwa ya rabu biyu, rabi yana shiga hannun rigarsa, rabi yana shiga kunnensa.

"Kawo tsumma! Kawo bokiti! Kawo zare!"

"Zare kuma? Ɗinke ruwan za ka yi?"

Ta ciro waya daga haɓar zaninta.

"Kada ki kira shi! Na rantse kada ki kira Auta!"

"Tun ina matakala na kira shi."

Minti ashirin da biyar ya yi a kwance a wurin, in ya gaji da wannan yatsan ya sauya wancan, duk sauyi kuma sai ya sha wanka. Matarsa tana ta kwasar ruwa da bokiti tana zubawa a bahon wanka. Can ta sauka ɗauko mofar goge ruwa, ta dawo ta ce ta leƙa ta gilashi, silin ɗin shagon yana ɗiga, domin shagon a ƙarƙashin banɗakin yake daidai. Wannan maganar ta fi ruwan sanyi ratsa shi. Daidai inda ya ce zai ajiye keke, nan ruwa yake zuba. Ya ji ƙwalla ta cika masa ido, ya gode wa Allah da fuskarsa take a jiƙe babu mai ganewa. Duk da haka bai fid da rai ba. Saura awa guda kafin huɗu, in ruwan ya tsaya za a goge, a shanya, a kunna fanka.

Kwatsam sai ƙarfin ruwan ya fara raguwa a yatsansa. Ya ragu, ya ragu, ya tsaya cak. Dawo-Gobe ya zaro ido.

"Na kashe shi! Maman 'Yan Biyu, zo ki gani! Na ce miki babu abin da zai gagari hannun nan! Da yatsa ɗaya na..."

Ya ɗago kai. Ba matarsa ba ce a ƙofa. Hajiya ce, ta dawo da wuri don likita ya sallame ta, baƙin tabarau a idonta, takalmanta a hannu, ta tattare zani zuwa ƙwauri. A bayanta Auta ne da akwatin ƙarfensa.

"Sannu da aiki, Yaya," in ji Auta cikin ladabi. "Na rufe babban famfon daga waje, wannan jan da ke bakin get. Kana iya sakin yatsan."

Hajiya ta jawo kujerar roba ta zauna a ƙofar banɗaki, jakarta a cinya. Dawo-Gobe ya miƙe yana ɗiga, tef ɗinsa ya manne a ƙirji, ya fara bayani.

"Hajiya, da ma tankin nan tun asali yankansa ba daidai ba ne. Ni na gano..."

"Bari mai aiki ya yi aiki," ta ce.

Auta ya ɗaga murfi, ya daɗe yana kallo. Gemunsa ya fara rawa, ya danne dariya. Sannan ya fara ciro kaya ɗaya bayan ɗaya yana jerawa a bakin baho, yana faɗin sunan kowanne kamar mai karanta sakamakon asibiti.

"Soson kafaɗa, biyu. Robar wando, kamu ɗaya. Maɓallai, shida, masu kyau kuwa. Ƙwallo... Yaya, wa ya yi wa ƙwallon nan allura har uku? Rashin lafiya yake yi?"

"Riƙe shi na yi don kada ya karkace."

"Ai kuwa ya riƙu." Ya girgiza ƙwallon, ruwa yana ƙara a ciki. "Akwai noti da washa a nan wurin, ina suke?"

Dawo-Gobe ya zura hannu a jiƙaƙƙen aljihu ya miƙa masa, idonsa a ƙasa. Auta ya sa filaya ya jawo abin da ke cikin bututun tsaye. Ƙyallen ya fito yana ta fitowa, ya warware, shuɗi mai zanen ganye, ya fi kamu biyu. Hajiya ta cire baƙin tabarau ta ce a miƙo mata. Ta shimfiɗa shi a gwiwarta ta shafa.

"Wannan ai yadina ne. Wanda 'yata ta aiko mini bara." Ta ɗago kai. "Dawo-Gobe, ba kai ka rantse mini yadin bai isa a fitar da ɗankwali ba?"

Maman 'Yan Biyu ta juya ta hau goge bangon da ba abin da ya same shi.

"Hajiya, wato... shi yadi in ya sha ruwa yakan ƙara tsawo," in ji Dawo-Gobe.

"Allah ko?" ta ce. Ta juya wurin Auta. "Ɗana, da ma mene ne ya sami masai ɗin tun farko?"

Auta ya ciro marfin ƙasa ya juya shi, ya goge gefensa da babban yatsa sau ɗaya, ya nuna mata wani ɗan gurɓin datti da bai kai ƙwayar shinkafa ba.

"Wannan ne ya hana shi zama daidai, Hajiya. Gogewa kawai yake so."

Cikin rabin awa ya sauya ɗan famfon, ya sa sabon ƙwallo da sabuwar sarƙa daga akwatinsa, ya sauka ya buɗe ruwa. Tanki ya cika, ya yi shiru. Ya danna hannu, ruwa ya tafi, ya sake cika, ya sake yin shiru. Agogon falon Hajiya ya buga huɗu.

Dawo-Gobe ya ji bugun agogon, sai wani ɗan haske ya shigo masa. Ya share fuska, ya gyara murya.

"Hajiya, in an bi magana dalla-dalla, cewa kika yi in kin tarar ya yi shiru ƙarfe huɗu. Ga huɗu, ga shiru. Auta kuma ƙanen matata ne, kusan a ce yarona ne. A ƙarƙashin kulawata ya yi aikin."

Hajiya ta dube shi, ta gyaɗa kai a hankali, ta buɗe jaka. Makullai suka yi ƙara. Ta laluba ta zare ɗaya, dogo mai jan zare a wuya, wanda ya daɗe yana gani a mafarki. Ya goge hannuwansa biyu a jiƙaƙƙen wando ya tara su.

"Ɗana," ta ce da Auta, "a ina shagonka yake?"

"Ba ni da shago, Hajiya. Shekara biyu nake nema a layin nan ban samu ba."

Ta sa masa makullin a tafin hannu ta rufe yatsunsa a kai. Auta ya rusuna har ƙasa yana godiya, sannan ya juyo ya kama hannun Dawo-Gobe da ke nan a tare ya girgiza.

"Yaya, Allah ya saka da alheri. Ban san yadda zan gode maka ba."

"Hajiya!" Muryar Dawo-Gobe ta fito siririya. "Shekara goma sha huɗu ina gidan nan! Saboda ya iya murɗa famfo kawai za ki ba shi?"

Hajiya ta ninke shuɗin ƙyallenta ta miƙe, ruwa yana tsiyaya daga bakin zaninta.

"Ba don gwanintarsa na ba shi ba, don kai na ba shi," ta ce. "Muddin kana cikin gidan nan da almakashi a hannu, hankalina ba zai kwanta ba sai da mai gyaran famfo a bakin ƙofa."